Ruwan Tiga da Ma'aunin Shugabanci

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu, da zarar ya wuce Karfi ya doshi Kura, zai ga abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa a tsakiyar rani. Hagu da dama kore ne shar. Ga alkama ta fitar da kai, ga tumatir ya nuna ana tsinka ana loda kwanduna zuwa Kwanar Gafan, ga fangulan albasa, can kuma wani yana shirin dashen shinkafa. Ruwan da ke raya wannan ƙasa daga madatsar Tiga yake fitowa, kuma ba inji ke turo shi ba, gangara kawai yake bi. Yakan biyo babban kanal, ya rabu gida biyu, reshen gabas da na yamma, kowane reshe ya sake rarrabuwa zuwa ƙananan kanal, har ya iso 'yar magudanar da ke bakin gona. A nan manomi zai tsuguna ya nutsa lanƙwasasshen bututu ya cika da ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ƙetara da shi ta kan gaɓa, ya saki, ruwa ya fara kwarara cikin fangali. Tsakanin Tiga da wannan bututu akwai ƙofofi birjik, kuma a bayan kowace ƙofa akwai mutumin da zai yanke shawarar a buɗe ko a rufe, da ƙarfe nawa, kuma don wa.

Shi ya sa nake ganin yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya fi ɗakin taro dacewa da a koyi shugabanci a cikinsa. A ofis, shugaba na iya lulluɓe gazawarsa da rahoto mai daɗin karantawa, a tafa masa a watse. A bakin kanal babu wannan damar. Ko dai ruwa ya kai gonar ƙarshe ko bai kai ba, kuma in bai kai ba a makon da tumatir ke fure, furen zai zube, kowa ya gani. Manomin da gonarsa ke kusa da ƙofa zai sha ko da wane irin shugaba ake da shi, domin ruwa ta gabansa yake wucewa. Na ƙarshen kanal ne kaɗai samunsa ya rataya a kan tsari, a kan cewa wani ya hana na sama shan abin da ya wuce rabonsa, wani ya yashe hanyar, wani ya buɗe ƙofa a kan lokaci. Saboda haka wanda ke son sanin ko hukuma ko ƙungiya ko kamfani na da shugaba, ya nemi wanda ya fi kowa nisa da kujerar shugaban, ya duba abin da ke isa gare shi. Sauran abubuwan da ake yaba shugabanni da su, iya magana da kwarjini da yawan mabiya, suna da amfaninsu, amma ba su ne ma'auni ba.

Tarihin aikin ban-ruwa na kogin Kano kansa ya nuna bambancin. Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya ɗauki gina madatsun ruwa da gaske. A zamaninsa aka gina Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa da taimakon injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, aka kammala Tiga a 1974, madatsar da aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An yi niyyar kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, ko da yake abin da aka iya gyarawa wajen kashi biyu bisa uku ne na wannan. Bayan da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna a 1976, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Babu mai adalcin da zai hana Audu Bako yabonsa. Ya hango abin da mutanen zamaninsa da yawa ba su hango ba, kuma shinkafar da ake sussukawa a Kura yau albarkacin wannan hangen ne. Sai dai gini iri ɗaya ne na shugabanci, kuma shi ne mai farin jini, domin yana da ranar buɗewa da allo mai ɗauke da suna. Riƙon abin da aka gina wani iri ne dabam. Ba a taɓa gayyatar maroƙa don an yashe kanal ba.

A shekarun farko hukuma ce uwa, ita ce uba. Ita ke kawo tarakta, ta ba da iri da taki, ta faɗi abin da za a shuka, musamman alkama, wadda gwamnati ta fi manomi ɗokinta. Manomin da aka karɓi gonarsa aka baje aka mayar masa, ya tashi daga mai shawara a kan ƙasarsa ya koma mai jiran umarni. Da kuɗin mai suka ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu a ƙarshen shekarun 1980, aka janye hukumomin koguna daga harkar noma kai tsaye, sai aka wayi gari kanal ba shi da mai shi. Hukuma ba ta da kuɗin gyara, manomi kuwa an riga an koya masa cewa kayan gwamnati ne. Abin da ya biyo baya sananne ne a duk inda ake ban-ruwa. Laka ta taru, kacalla ta tsiro ta cushe hanya, ruwa ya rage gudu. Na sama ya ga ruwa ya yi ƙasa, sai ya cika buhuna da ƙasa ya datse kanal don ya tashi ya shiga gonarsa. Na tsakiya ya zo da dare ya ɓalle kwaɗon ƙofa. Na ƙarshe ya kwana a gona da fitila yana bin gaɓa yana cire buhunan wasu, ko ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa ya dinga zuƙo ragowar da ke malala a magudanar da aka yi don fitar da ruwa.

Abin lura a nan shi ne, a cikin mutanen nan babu wanda sai ya zama mugu kafin ya aikata abin da ya aikata. Manomin da bai san ranar da ruwa zai dawo ba, dole ya cika gonarsa har ta yi ambaliya duk ranar da ya samu, ko da shukar ba ta bukata. Tsoro ne ke sa shi ɓarna, kuma ɓarnarsa ce ke haifar da ƙarancin da ke tsorata na bayansa. Wa'azi ba ya warware wannan ƙulli. Abin da ke warware shi shi ne a ce ranar Talata ruwan sashe kaza ne, Talata ta zo ruwa ya zo, wata Talatar ma ya zo, har mutane su daina fargaba. Babban aikin shugaba ke nan, kuma ba shi da armashi: ya sa gobe ta zama abin da na ƙasa zai iya lissafawa. Malamin makarantar da bai san ranar albashi ba zai nemi wata sana'a a lokacin aji. Ma'aikacin da ya ga ƙarin girma ba ya bin ƙa'ida zai bar aiki ya koma fadanci. Duka halin manomin nan ne mai cika gona don bai amince da gobe ba.

Za a ce wannan duk falsafa ce, matsalar ta kuɗi ce: a ba hukuma isasshen kasafi, a shafe kanal da siminti, rigima ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki, domin ba a yashe babban kanal da fartanya. Kuma kuɗin sun zo. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran ayyukan Bakolori da Goronyo da Daɗin Kowa da kwarin Haɗeja da kuma wannan na kogin Kano. Amma waɗanda suka tsara shirin da kansu ba su yarda siminti kaɗai zai wadatar ba, shi ya sa suka ɗaura gyaran da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda za su karɓi kula da ƙananan kanal da tara kuɗin ruwa. Suna da hujja. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazari tare da abokan aikinta a kan ayyukan ban-ruwa fiye da 100 a ƙasar Nepal. Sun tarar cewa waɗanda manoma ke gudanarwa da kansu, da madatsun duwatsu da laka da rassan itace, sun fi kai ruwa ga na ƙarshe a kan waɗanda gwamnati ta gina da kankare take kuma gudanarwa. Dalilin da suka gano ya cancanci a tsaya a kansa. Madatsar laka kowace damina sai ta karye, kuma na sama ba za su iya gyara ta su kaɗai ba, sai da hannun na ƙasa. Wanda kake bukatar ƙarfinsa a watan gyara ba za ka hana shi ruwa a watan rani ba. Da aka zuba kankare, sai na sama suka daina bukatar kowa, suka kuma daina sauraron kowa.

Ba ana nufin a rushe siminti a koma laka ba. Ana nufin shugaba mai basira yakan tsara al'amura yadda mai ƙarfi zai ci gaba da bukatar mara ƙarfi. Bahaushe ya san wannan tun kafin a haifi masu binciken, domin a kansa aka gina aikin gayya: wanda bai fito gonar wani ba, ranar tasa zai ga fili fetal. Idan yasar ƙaramin kanal ta zama wajibi a kan duk wanda ke sha daga gare shi, kuma rabon ruwa ya rataya a kan fitowa aikin da biyan kuɗi, to an mayar da igiyar bukatar juna da ta tsinke. Haka batun kuɗin ruwa yake. An daɗe ana kukan manoma ba sa biya, kuma abin da ake nema a hannunsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da hekta ɗaya ta shinkafa ke bayarwa. Amma mutumin da ya biya bara, bai ga ruwa a kan lokaci ba, bai kuma ga an taɓa kanal ɗinsa ba, me zai sa ya biya bana? Wanda ke riƙe da amana shi ya kamata ya fara motsawa. Ya karanta wa mutane a bainar jama'a nawa aka tara, nawa aka ba mai injin yasa, nawa ya rage a asusu, sannan ya nemi na gaba.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa miƙa mulki ga ƙungiyar manoma sauya azzalumi ne kawai, daga na nesa zuwa na kusa. Wa zai ci zaɓen ƙungiya in ba mai manyan gonaki ba, ko mai kusanci da ɗan siyasa, ko wanda rabin garin ke cin bashin taki a hannunsa? Kuma su waɗannan sau da yawa gonakinsu ba a ƙarshen kanal suke ba. Wannan suka gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce zaɓe kaɗai zai magance ta yana yaudarar kansa. Amsar tana cikin yadda aka gina kujerar, ba cikin halin wanda ya hau ta ba. Jihar Maharashtra ta Indiya, a dokarta ta 2005, ta wajabta cewa kwamitin kowace ƙungiyar ruwa ya ƙunshi wakilan sama da na tsakiya da na ƙarshen kanal, kuma a riƙa shayarwa daga ƙarshe ana hawowa sama. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen akwai kotun ruwa da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar garin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, ana shari'a da baki a gaban kowa, a yanke hukunci nan take. Ƙarfinta ba daga tsananin tara yake ba, daga sauri ne da kuma cewa babu wanda ya fi ƙarfin a kira sunansa. Ƙungiyar da ke Kura ko Bunkure za ta san matsayinta ne ranar da aka kama ƙanin shugabanta ya datse kanal ba ranarsa ba. In aka ci shi tarar da ake cin kowa, dokar ta zauna. In aka ce a yi haƙuri a bar maganar a cikin gida, to washegari kowa zai fito da buhunansa, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Akwai kuma mai cewa ai ko a shari'a na sama ke fara sha. Haka ne, ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a kan wasu rafukan Madina cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. Amma a lura da abu biyu. Hukuncin da ya ba na sama fifiko shi ne kuma ya yanka masa iyaka ya tilasta masa saki. Sannan malamai irin su Mawardi sun bambanta rafin da Allah ya gudanar da kansa da wanda mutane suka haƙa. Wanda aka haƙa mallakar tarayya ce, ana raba shi da kwanaki ko sa'o'i ko ma'auni, kuma kusanci da bakinsa ba ya ƙara wa kowa haƙƙi. Kanal ɗin Tiga da dukiyar al'umma aka haƙa shi. Mai gonar farko bai fi mai gonar ƙarshe biyan kuɗinsa ba.

Wasu kuma, musamman waɗanda suka ga zamanin da komai ke tafiya da umarni ɗaya, suna ganin duk wannan shawara da zaɓe ɓata lokaci ne, abin da ake bukata shi ne namijin shugaba mai tsawa. Sai a tuna musu Bakolori. A can ma an gina babbar madatsa a shekarun 1970, an kwashe gonakin mutane, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka yi ta kuka ba mai saurare, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa, adadin da har yau ake saɓani a kansa. Tsawa ta buɗe hanya, amma ba ta sa aikin ya yi albarkar da aka yi masa buri ba, ga shi bayan shekaru fiye da talatin sai da aka ciyo bashi don farfaɗo da shi. Ko a bar batun zalunci, lissafin ma bai fita. Mutum ɗaya, kome zafinsa, ba zai tsaya a kan ɗaruruwan ƙofofi da ƙarfe biyun dare ba. Masu iya gadin ƙofa su ne waɗanda gonakinsu ke bayanta, kuma ba za su yi gadin dokar da ba a tambaye su ba kafin a kafa ta. Shehu Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, babu abin da ya fi nanatawa kamar haɗarin mai mulki ya shige gida talakawa su kasa ganinsa. A aikin ban-ruwa wannan na nufin manajan da ya san lambobin hekta a takarda amma takalminsa bai taɓa taka lakar ƙarshen sashe ba, duk labarin da ke zuwa masa ta bakin na kusa da ƙofa yake biyowa, su kuwa kullum lafiya lau za su ce.

Duk da haka, sakin ragama yana da iyaka, kuma sanin iyakar na cikin aikin. Madatsa da babban kanal ba abin da za a bar wa ƙungiya ba ne. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ta isa tunatarwa cewa akwai abubuwan da sai injiniya da kasafin gwamnati. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa wa na ƙasa wahala a riƙe iko: a ce su yashe kanal su tara kuɗi, amma mabuɗin ƙofa da asusu suna ofis. Wannan ba wakilci ba ne, sauke kaya ne a kan wani. In za a ba mutum nauyi, a ba shi da mabuɗinsa, sannan hukuma ta ɗaure kanta da alkawarin da za a iya kama ta da shi: ruwa kaza a bakin sashe kaza a rana kaza, da sanarwa tun da wuri in za a rufe kanal don gyara, ba bayan mutane sun zuba iri ba. Kuma ko a cikin ƙungiyar akwai waɗanda ba a cika jin muryarsu ba. Akwai mai hayar gona na kaka ɗaya wanda sunansa ba ya cikin rajista, akwai matan Kura masu turara shinkafa da sana'arsu ta dogara ga abin da gona ta bayar, akwai makiyayin da dole ya shayar da shanunsa, wanda in ba a yi masa mashaya ba zai yi wa kansa ta inda gaɓa ta fi taushi.

Wani abin da ba a son faɗa a Kura shi ne, idan aka ja da baya aka dubi kogin gaba ɗaya, duk aikin nan na sama ne, har da mai gonar ƙarshensa. Ruwan da Tiga ta tare, da wanda madatsar Challawa ta tare tun 1992, shi ne a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa ya nufi tafkin Cadi, yana ciyar da masunta da makiyaya da masu noman shinkafar fadama. Nazarin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a waɗannan fadamu ya zarce wanda ake samu a aikin kogin Kano nesa ba kusa ba. Sauyin yadda ruwa ke sauka ya kuma taimaka wa kacalla ta toshe hanyoyin kogi a can, wasu garuruwa na fama da ambaliya, wasu na kallon busasshen rafi. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa sun haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da shi tare da kafa asusu na musamman. Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarasa abin da ya rage na hekta 22,000 ɗin ko buɗe kashi na biyu, hukumar da ke gudanar da aikin Kura ita ce kuma ke riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa, wato ita za ta faɗi nawa za a tare a Kano, nawa za a saki ya gangara Jigawa da Yobe.